Gidan da muka sauka a tsibirin Niue, da abin da ya kamata ku sani kafin ku biya kuɗi

Jama'a in dai kuna shirin zuwa Niue hutu, shawarata tun farko kar ku ɓata lokaci wajen neman ɗaki mai kyan hoto. Ku nemi gida mai kicin, wanda ake haɗa muku da mota, sannan mai gidan ya san lokacin cikar ruwan teku da janyewarsa. Gidan da muka sauka ni da madam ya haɗa ukun nan, shi yasa naga ya cancanci inyi bayaninsa tiryan-tiryan har da inda suka gaza, don akwai gazawar kam, ba zan ɓoye ba.

Ga wanda bai taɓa jin sunan ba, Niue tsibiri ne guda ɗaya tal a tsakiyar tekun Fasifik, kusan kilomita 2,400 arewa maso gabas da Niyu Zilan, tsakanin Tonga da Samoa da tsibiran Cook. Girmansa kusan murabba'in kilomita 260, mutanen ciki kuma basu kai 2,000 ba, ƙauyuka 14 ne, babban garin sunansa Alofi. Tun 1974 suke mulkin kansu amma suna haɗe da Niyu Zilan, dalar Niyu Zilan suke kashewa, kuma 'yan asalin tsibirin da ke zaune a Niyu Zilan sun haura 30,000, wato sun ninka na gida sau da yawa. Wannan zaka ganshi da idonka in kana zagaya ƙauyukan, gidaje a rufe ciyawa ta cinye ƙofa, masu su suna birnin Auckland na Niyu Zilan. Mai gidan da muka sauka ma wata dattijuwa ce da ta yi shekaru tana aiki a Auckland ɗin sannan ta dawo gida ta gyara filin iyayenta ta yi ɗakunan baƙi. Mu dai Mama muke ce mata kuma ta amsa.

Jirgi ɗaya ne ke zuwa, na Air New Zealand daga Auckland, tafiyar awa uku da rabi, kuma ba kullum ba, sau ɗaya ko sau biyu a sati gwargwadon lokaci. To kunga ba kai zaka tsara yawan kwanakinka ba, jirgi ne zai tsara maka, ko ka yi rabin sati ko ka cike satin. Anan ne na fara gane matar nan ta san aikinta. Amsar farko da ta turo min ta imel, kafin ma maganar kuɗi, ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa in tikitinka ya nuna zaka tashi Asabar to ɗakin daga Juma'a zaka kama, saboda jirgin yana tsallaka layin da kwanan wata ke canjawa, ka baro Auckland da safiyar Asabar ka sauka Niue ranar Juma'a da rana. Tace baƙi da yawa suna zuwa su tarar basu da makwanci a daren farko saboda wannan lissafin. A dawowa kuma akasin haka ne, kwana ɗaya zai tafi, don haka mai aiki ya lissafa hutunsa da kyau kar ya zata zai iso gida ranar da ya taso.

Sai dai fa saurin amsa saƙo ba nasu bane. Wannan shi ne ƙorafina na farko. Zaka tura tambaya ka zauna shiru har ka fara tunanin ko an ba wani ɗakin, ga shi tikitin jirgi yana ƙara tsada kana kallo, kuma baka isa ka sayi tikiti ba sai ka tabbatar da masauki don gadajen tsibirin gaba ɗaya basu da yawa, musamman daga Yuli zuwa Oktoba. Na gaya mata wannan baki da baki, tace jikarta ce ke duba mata saƙonni kuma yarinyar makaranta take zuwa. Na fahimta, amma duk da haka wanda zai tura kafin alƙalami zuwa wata ƙasa yana buƙatar a ce masa an gani cikin kwana ɗaya ko biyu. Ku fara magana da su da wuri sosai.

Ranar da muka sauka ɗanta ne yazo ɗaukarmu. Filin jirgin ƙarami ne, kuma ranar jirgi a can kamar ranar kasuwar ƙauye take, kowa ya fito, masu tarbar 'yan uwa da masu rakiya da masu jiran kwali daga Auckland. Ya miƙa min makullin mota a nan take yace gobe ko jibi in leƙa ofishin 'yan sanda a Alofi in karɓi lasin tuƙi na tsibirin, ana nuna lasin da kake da shi ne a biya ɗan kuɗi a baka. Babu bas babu motar haya ta layi, in baka da mota ko keke to kana nan inda aka ajiye ka, shi yasa nace motar ba zaɓi bace. Hannun hagu ake tuƙi, kilomita 40 a cikin ƙauye 60 a waje, kuma ramukan hanya ma ba zasu barka ka wuce haka ba. Titin da ya zagaye tsibirin kilomita 60 da ɗan wani abu ne. Duk motar da kuka yi kiciɓis sai an ɗaga maka hannu, kai ma ka ɗaga, ba a wucewa haka nan.

Motar da suka fara bamu gaskiya bata yi ba. Tsohuwa ce, na'urar sanyi bata aiki, gilashin gefen madam baya sauka, sannan tayar baya ɗaya ta suɗe sosai, kuma hanyoyin da ake bi a gangara bakin teku farin dutse ne mai kaifi. Na nuna wa ɗan nata tayar, bai yi musu ba, washegari da safe ya kawo wata ya ɗauke waccan ba tare da ƙarin ko sisi ba. Na yaba da hakan, amma abin da ya kamata shi ne a duba mota kafin a miƙa wa baƙo. Ku zagaya motar a gabansu, ku duba har safayar taya da jak. Fetur akwai tsada, komai ta jirgin ruwan dakon kaya yake zuwa kuma ba kullum yake zuwa ba.

Ɗakin kansa ba wani ƙawa, amma tsaf yake. Gado mai kyau, zanin gado wankakke, fanka a sama, banɗaki a ciki, ɗan kicin mai murhun gas da firji da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, sai baranda da ke kallon teku daga saman dutse. Ba esi, mu da muka je lokacin sanyinsu bamu nemi shi ba, amma wanda zai je tsakanin Nuwamba da Afrilu ya tambaya, lokacin zafi ne da ruwan sama kuma lokacin guguwa ne. Guguwar can ba wasa bace, ta Heta da aka yi a Janairun 2004 ta rugurguza Alofi har da asibitin, Mama ta nuna mana inda ruwan teku ya hauro saman dutsen, ka tsaya a wajen ka leƙa ƙasa ka ga nisan ruwan sai jikinka yayi sanyi. Abubuwan da suka gaza a ɗakin ƙanana ne amma suna damun mai girki: wuƙaƙen duk sun dakushe, tukwanen 'yan mitsi-mitsi, ragar sauro ta taga ɗaya ta yage, ruwan zafi kuma sai ya ga dama. Intanet ɗin gidan yana ɗaukar saƙon WhatsApp amma kiran bidiyo sai a hankali, na sayi layin waya na can a Alofi ya ɗan fi. Sannan zakaru. Kaji ne ko'ina a tsibirin suna yawonsu kuma tun tsakar dare suke fara cara, mai saurin farkawa ya taho da abin toshe kunne, wannan ba laifin gidan bane.

Yanzu ga ainihin abin da yasa nake cewa ku kama gidan nan. A jikin firji ta manna takardar lokutan cikar ruwa da janyewarsa na satin gaba ɗaya, kuma ta bi da jan biro ta rubuta sunan waje a gefen kowane lokaci. Da farko zaka ɗauka ƙaramin abu ne. Niue ba irin tsibirin nan bane mai doguwar gaɓar yashi da zaka shimfiɗa tawul duk sanda kaso, dutsen murjani ne da ya taso daga cikin teku, gefensa duk gangare ne da koguna, kuma rabin wuraren da kazo gani ba a shigarsu sai ruwa ya ja baya, wasu kuma sai ya ɗan kawo suke daɗin iyo. Lokacin kuma kullum matsawa yake da kusan minti 50. In kwanakinka kaɗan ne kuma ka tafi ba lissafi, zaka yi tuƙi ka gangara matakala ka tarar da igiyar ruwa tana dukan bakin kogon, ka juyo, ranar ta tafi kenan. Ita kuwa kowace yamma sai ta leƙo baranda ta tambayi ina muka je, ta kalli teku ta kalli takardar tace gobe ku fara da kaza kafin ƙarfe kaza, in kun ga ruwa yana fari a bakin dutse kar ku shiga ku wuce kaza. Wallahi ko sau ɗaya lissafinta bai kuskure ba.

Da lissafinta muka shiga kogon Avaiki a ƙauyen Makefu, ana bi ta cikin wani kogo mai duwatsu na rataye daga sama a fito kan shimfiɗaɗɗen dutsen bakin teku sai a karya dama, ga wani tafki a ƙarƙashin rufin dutse, ruwan shuɗi garau har kana ƙirga ƙananan kifaye a ƙasa kana tsaye. Tsibirin bashi da kogi ko ɗaya, ruwan sama ta cikin dutsen yake tsiyayewa, babu laka da ke gangarowa teku, shi yasa ruwan yake da hasken da ban taɓa ganin irinsa ba. Limu kuma tafkuna ne a arewa maso yamma inda madam ta fi sakewa don babu igiya, da gilashin ninkaya kawai zaka kwanta a saman ruwa kana kallo. A Matapa, wani tsagi ne tsakanin dogayen duwatsu biyu, ance wajen wankan sarakunansu ne a da, ruwan daɗi mai sanyi yana fitowa daga ƙarƙashin dutse yana gauraya da na teku, sai kaji sama sanyi ƙarara ƙasa ɗumi. Daga ƙauyen da Matapa yake, wato Hikutavake, hanyar zuwa Talava take tashi, inda duwatsu suka yi baka kamar ƙofa a bakin teku, tafiya ce mai ɗan nisa a kan duwatsu masu kaifi kuma akwai inda sai ka riƙe igiya. Togo, wani tsagin dutse ne shi ma, yana gabashin tsibirin, ana ratsa dajin Huvalu a fito cikin filin duwatsu tsinin-tsini baƙaƙe, sannan a sauka wani dogon tsani zuwa ɗan fili mai yashi da bishiyoyin kwakwa a ƙasan rami. Tace mana kar mu kuskura muje Togo da silifas, kuma gaskiyarta ne, dutsen yana yanka. Ku taho da takalmi mai rufi na tafiya da kuma na roba na shiga ruwa, ita tana da 'yan kaɗan na aro amma ba lallai a samu daidai ƙafarka ba.

Akwai macijin ruwa mai zane baƙi da fari-fari da suke kira katuali, zaka ganshi yana tasowa shan iska. Yana da dafi amma baya kula mutane, tace a barshi kawai kar a taɓa. Na faɗa ne don kar wani ya gani ya firgita a tsakiyar ruwa.

Daga Yuli zuwa Oktoba manyan kifayen nan na wel suke zuwa haihuwa, kuma da yake teku na da zurfi tun daga gindin dutsen suna matsowa kusa sosai. Daga barandar muka gansu, uwa da ɗanta, ba jirgin ruwa ba komai, da dare kuma in gari yayi tsit kana jin hucinsu. Daren ma abin kallo ne don a 2020 aka ayyana ƙasar gaba ɗayanta a matsayin wurin da aka kare duhun samansa, ita ce ta farko a duniya da aka yi wa haka, babu fitilun da zasu kashe maka taurari.

Maganar abinci, wadda nasan ita 'yan uwa musulmi zasu fara tambaya. Anan kicin ɗin ya biya kuɗinsa. Gidajen abinci 'yan kaɗan ne, ba kullum suke buɗewa ba, wasu sai ka sanar tun da rana cewa zaka zo, kuma alade yana cikin abincin mutanen wajen sosai. Mu mun taho da naman halal daskararre daga Auckland a cikin ledarsa ta kanti da tambarinsa, da shinkafa da yaji da su magi, muka rubuta komai a fom ɗin shiga aka duba aka bari. Ku tambayi ƙa'idar kafin ku taho kuma kar ku ɓoye komai. Sauran kuwa kifi ne sabo, da gwaza da rogo da ayaba da gwanda da kwakwa daga kasuwar Alofi da ke ci Talata da Juma'a, kuma da sassafe ake zuwa don kafin hantsi an watse. Da na yi wa Mama bayanin abin da bama ci bata tsaya dogon tambaya ba, ranar da suka yi girkin rami na gidan, wanda ake zafafa duwatsu a rufe abinci a kai, sai ta ware mana namu ta gasa daban a murhunta cikin sabuwar takardar gashi, tazo da kanta tace wannan bai haɗu da komai ba. Takihi ne, gwaza da gwanda an yanka fale-fale an jera su hawa-hawa an kwarara madarar kwakwa, da gasasshen kifi a gefe. Wannan karamcin bana mantawa da shi kuma ba a cikin kuɗin ɗaki yake ba. Suna kuma cin wata ƙatuwar ƙaguwa ta tudu mai fasa kwakwa, uga, zaka iya gamuwa da ita tana tsallaka titi da dare, a rage gudu.

Masallaci bamu gani ba, a ɗaki muke sallarmu, alƙibla tana yamma ne ta ɗan karkata arewa, wato daga barandar teku kake fuskanta kai tsaye. Mutanen wajen kiristoci ne masu riƙo, ranar Lahadi kusan komai a rufe, ba kamun kifi ba fita da kwalekwale, wasu wuraren wankan ma kamar Avaiki ba a shiga ranar. Ta gaya mana tun Juma'a mu sayi abin da zamu buƙata mu kuma sha mai. In rabin sati kazo kuma Lahadi ta faɗo ciki to ka sani ranar ta zagaya da mota ce da hutawa. Basa son a ratsa ƙauye da kayan wanka, a rufe jiki, wanda mu dama ya mana daidai, madam da hijabinta da doguwar rigar iyo babu wanda ya mata kallon banza, sai gaisuwa.

Kuɗi, ku riƙo tsaba a hannu. Kati yana aiki a manyan shaguna amma kasuwa da ƙananan wurare sai tsaba, ita ma Mama ragowar kuɗin ɗaki a hannu tafi so. Kuɗin ɗakin da motar a haɗe bai kai abin da otal babba ɗaya da ke tsibirin zai caje ka ba, amma kar wani ya ɗauka hutun araha ne, tikiti da kayan shago zasu ci kuɗi. Ku yi inshorar tafiya dan Allah, akwai asibiti amma ƙarami ne, babbar matsala sai an kwashi mutum zuwa Auckland.

Wa ya kamata yaje? Mai ƙafa da lafiyar gwiwa, mai son ruwa da shiru. Ba zan kai Hajiyata can ba don kusan ko'ina matakala ne da dutse, masu ƙananan yara ma sai sun yi ta riƙo. Mai neman kanti da yawon dare da gaɓar yashi ya nufi Fiji ko Rarotonga ta tsibiran Cook. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar kuma ya lura, shiga Niue ɗin ba shi ne wahala ba, baƙo mai tikitin komawa ana bashi kwana 30, wahalar ita ce dole ta Auckland zaka shiga ta nan zaka fito, don haka ka tabbata bizarka ta Niyu Zilan tana bada damar fita da sake shigowa. Ni a ganina tasowa takanas daga Kano ko Yamai don wannan kaɗai bai taso ba, amma ɗalibanmu da ma'aikata da ke Niyu Zilan da Ostireliya, ko wanda taro ya kawo shi Auckland yana da 'yan kwanaki a hannu, wannan kam yaje.

In maki zan bayar, huɗu cikin biyar, na cire ɗaya saboda jinkirin amsa saƙo da motar farko. In kun tuntuɓi gidan, ko ma wani gidan ne daban a tsibirin, ku tambaya a rubuce: daren farko wane kwanan wata ne a lissafin Niue, motar tana cikin kuɗin ko daban, kuma lokacin janyewar ruwa a satin da zaku zo da safe yake faɗowa ko da tsakar rana, don in ya faɗo da asuba da bayan magariba to kogunan zasu muku wahalar shiga. Ranar komawa ana kai jakunkuna filin jirgi tun da safe a auna a baka katin shiga, sai ka koma gari ka ci abinci ka dawo in jirgin ya kusa, motar kuma ɗan nata yace in barta a wajen ajiye motoci da makulli a ciki zai zo ya ɗauka. Duk wani abinci ko kwakwa ko kayan saƙa na ganye da kuka sayo ku rubuta shi a fom ɗin shiga Auckland, tarar rashin bayyanawa dalar Niyu Zilan 400 ce nan take.